Mitar Isuhu Mai Rediyo

Duk wanda ya san Isuhu Mai Rediyo a kasuwar Matameye ya san ba ya amsa sallamar kowa da safe sai ya gaida Hajiya. Hajiya kuwa ba mutum ba ce, tsohuwar mitarsa ce ta awon kuran, wato wutar lantarki, mai nuna lamba a gilashi. Ya haɗa bakin wayoyinta biyu, ja da baƙa, ta yi ƙiii, sannan ya waiwayo shagona na ɗinki: "Tela, ta kwana lafiya. Kai fa?"

Ga tsumulmula! Da la'asar sai ya zare mata pil, ɗan batirinta, ya jefa aljihu, wai kada ta ci banza. Amma ran da fizibil ɗinta, wato fis, ya ƙone, na ce ya ɗaura siririyar waya kamar yadda kowa ke yi, sai ya dube ni sheƙeƙe. "Kai, da tsumma kake yi wa amarya lefe?" Ya rufe shago, ya hau mota har Damagaram neman irin nata.

Ɗansa Habu ya kawo masa wata mita sabuwa fil daga Kano. Ya gwada su kan batir guda, lambobi suka saɓa kaɗan. "Yarinya ce," in ji shi, "ba ta san kuran ba tukuna." Ya ba jikoki suka yi wasa da ita.

Daga baya ya soma cewa lambobin Hajiya sun dushe. Kullum ya kwance ta, ya goge da auduga, ya canja pil, ya mayar. Ni daga kan kekena ina hango su tar. Idonsa ne ke tafiya, sana'ar kuma na bin sa. Duk mun sani, ba mai iya faɗa. Sai muka dinga taya shi: "Ai ta tsufa, Malam Isuhu, mitar ce."

Wata safiya na sake faɗin haka. Ya shafa bayanta da babban yatsa.

"Tela, ku bar yi mata ƙazafi. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ni ne."

Wallahi sai da na juya baya, na yi kamar ina neman almakashi.

Allah Ya jiƙan Isuhu, Ya haskaka kabarinsa, Ya mayar masa da ganinsa a Aljanna. Amin.