Kututturen da Yaya Sani ya bari

Jama'a, yau saura ƙiris Inna ta sake zaman makoki.

Kun san kamiyonet ɗin marigayi Yaya Sani, ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya. Tun rasuwarsa tana tsakar gida, gabanta ya karkata hagu. Na ce bari in daidaita sandar torsiyon, ƙarfen nan mai riƙe nauyin gaban mota, in kai rake kasuwar Ɗan Barto. Na sha ganin Yaya yana yi.

Akwai wani kututture da ya bari ƙarƙashinta. Na kama zan janye don in samu wuri. Inna ta ce, "Habu, bar shi. Hannun yayanka ne ya ajiye shi."

Na ce, "Inna, ai itace ne kawai."

Ta ce, "Na ce ka bar shi."

Na raɓa na shige ƙarƙashin motar hakanan. Na manta Yaya sai ya ɗaga motar da kirik, wato jak, kafin ya taɓa bulon, ƙusar da ke ɗaure sandar. Ni da nauyinta a kai na hau kwancewa.

Sai ji na yi gau! Bulon ya fizge. Motar ta rufto kaina! Na rufe ido ina salati.

Kan kututturen ta tsaya. Ƙarfe har ya taɓa rigata.

Maƙwabcinmu Malam Idi ya jawo ni ta ƙafa yana cewa, "Kai, Habu! Wa ya koya maka haka?"

Inna ba ta yi kuka ba. Ta dafa kututturen kawai, ta ce, "Ɗaya aka fitar mini daga gidan nan. Ya isa."