Da Laraba ta daina ci, Dada ma ta ture kwano

Assalamu alaikum. Kusan wata uku ke nan ban ce komai a nan ba. Masu kira da masu turo saƙo, ku yafe mini. Lafiyata ƙalau. Magenmu ce ba lafiya.

Sunanta Laraba. Marigayi Baffa, mahaifina, shi ya tsinto ta a bayan rumfunan hatsi na kasuwar Muda Lawal tana 'yar mitsitsiya, yau shekara goma sha biyar. Tun da ya rasu ta zama abokiyar hirar Dada, mahaifiyata. Ni ina makaranta wajen koyarwa har la'asar, su biyu ake bari a gidanmu na Tirwun.

Da shan ruwa abin ya fara. Sai ta kafa kai a kwano ba ta ɗagowa, ga yawan fitsari. Muka ce zafi ne.

Sai rama. In ka shafa bayanta, ƙashi kake ji. Sai amai, sai warin baki.

Wata safiya Dada ta ɓare mata busasshen kifi, abin da a da har fizga take yi. Ta sunsuna, ta kau da kai, ta shige ƙarƙashin gado.

Washegari Dada ma ta ture kwanon tuwonta. "Ba na jin yunwa," in ji ta. Ga ta da hawan jini, ga shekaru. Na yi lallashi, na yi faɗa, ta ci loma biyu don dai in ƙyale ta. Na rasa wa zan fara jinya.

Wata maƙwabciya ta ce in ba magen rabin farasitamol. Har na ɓalla ƙwayar. Laraba ta datse haƙora ta ƙi buɗe baki, na haƙura.

Rana ta uku na sa ta a kwali na tari keke zuwa asibitin dabbobi. Layin duk raguna ne da awaki. Wani dattijo mai riƙe da rago ya leƙa kwalin ya ce, "Hajiya, mage kika kawo asibiti? Ga mutane can sun rasa magani." Ni ma tunanin da na yi ta yi ke nan a hanya.

Likitar mace ce. Ta ja fatar bayan wuyan Laraba ta saki, fatar ta tsaya a tsaye. Ta ce ruwan jikinta ya ƙare. Aka ɗebi jini. Kuɗin gwajin ya fi cefanenmu na mako, kuma sai bayan kwana biyu sakamako ya fito.

Ƙoda ce.

"Malama, ba zan ɓoye miki ba," in ji likita. "Ƙodar da ta lalace ba ta dawowa. Sai dai mu lallaɓa abin da ya saura."

Na gaya mata zancen farasitamol. Ta ajiye biro ta dube ni. "Da ta haɗiye, da yanzu ba wannan maganar muke yi ba. Guba ne ga mage."

Kullum da safe sai mun je an yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Daga baya likita ta koya mini in riƙa yi a gida. Ran da na fara, allurar ta huda fatar ta fita ta ɗaya gefen, ruwan ya zube a zanina. Na zauna a tsakar gida na yi kuka. Dada ta ɗora Laraba a cinya tana yi mata magana da Fulatanci, ta ce da ni, "Share hawayenki ki sake. Ba mu da wani sai ke."

Na sake.

Kwanaki muna ɗura wa Laraba romo da sirinji, rabi ya shiga rabi ya dawo. Ba abin da ke hannuna sai addu'a.

A rana ta tara na tafasa kaza ba gishiri ba albasa, na ajiye a bakin gado. Ta fito tana tangaɗi, ta lasa, ta ɗauki tsoka guda. Dada ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Hadiza, akwai sauran kunu?"

Ba zan ce muku Laraba ta warke ba. Ta daina hawa katanga. Gado ma sai da muka ajiye mata 'yar kujera take takawa. Akwai ranakun da har yanzu ba ta ci. Likita ta ce watanni ne ko shekara, Allah masani. Ban san yadda zan faɗa wa Dada wannan ba, kuma ban faɗa ba tukuna.

Amma alhamdu lillahi, yau duk su biyun sun karya kumallo. Na gode wa likitar da ba ta taɓa raina abin da na kawo mata ba, da abokan aikina da suka riƙe mini aji.

In kuna da tsohuwar mage, yawan shan ruwa da rama ba zafi ba ne kawai, ku kai ta a duba da wuri. Kada ku ba ta maganin mutane. Ku ajiye mata ruwa mai tsabta a wurare da yawa, ku raba ta da gishiri da albasa. Mu mun makara da makonni, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai.

Ku sa Dada a addu'a.