Ƙwallon Dabino da na Tsamiya

Duk inda tururin dafaffen ganyen darbejiya ya bugi hancina, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Yakasai, an ɗora tukunyar wankan jego. Ina shekara tara mahaifiyata ta haifi ta shida, mu duka mata. A lokacin ba a tambayar me aka samu, guɗa ce ke faɗa: uku namiji, huɗu mace. Gwaggona, yayar babanmu, tana tsaye tana bin guɗar da yatsu. Da ta huɗu ta tashi, sai ta sauke hannu ta ce, "An kuma. Mata sun yi wa duniya yawa, ban san inda za a kai su ba."

Ita dai ta faɗa ta wuce damun kunun kanwa. Ni kuwa maganar ta zauna mini daram. In mun yi yawa, to akwai rara ke nan, kuma rara kai ta ake yi wani wuri. Ni ce ta huɗu, ba babba ba, ba auta ba, ga ƙiriniya. Na tabbata da ni za a fara, kuma wallahi na tsorata.

Sai na shiga bincike. In ka leƙa gidajen lungunmu da hantsi, mata ne ko'ina, gwaggo ta yi gaskiya. Amma ranar Juma'a na laɓe a zaure na ga maza suna kwarara zuwa masallaci har na gaji da ƙirga. Gidan biki mata, bakin kasuwa maza. Kowane ɓangare in ka same shi a wurinsa sai ka rantse ɗayan ya ƙare.

Da abin ya fi ƙarfina na tafi wajen kakata ta wajen uwa, wadda ita ce ungozomar unguwar. Na tambaye ta ina ake kai rarar mata. Ta yi dariya har ta share hawaye, sannan ta jawo ƙwarya biyu daga ƙarƙashin gado. Ashe duk cibiyar da ta yanka sai ta jefa ƙwallo, na dabino in namiji ne, na tsamiya in mace ce, don ta riƙa sa su a addu'a. Ta sa na jera su a tabarma bibbiyu, dabino ɗaya tsamiya ɗaya. Har la'asar ina yi. Tsamiya ce ta fara ƙarewa, dabino ya yi saura ɗan abin da bai cika tafin hannuna ba.

Ina cikin murna na hango wani ƙaramin ƙoƙo a rufe, na kai hannu. Ba ta hana ni ba. Ta ce waɗannan su ne suka koma tun suna jarirai, takan ɗauke ƙwallonsu ta mayar nan. Ko ban ƙirga ba na ga dabino ya fi yawa a ciki. Ta tsamo na dabino biyu ta ɗora mini a hannu.

"Yayyenki ne, kafin babbarku. Uwarki ba rara take gani ba in ta dube ku, waɗanda suka zauna take gani."

Ban taɓa sanin an yi su ba. Ranar na koma gida na zauna kusa da mahaifiyata, ba ta san dalili ba.

Yanzu a asibiti ake haihuwa, na'ura ta faɗi abin da ke ciki tun da watanni, guɗar ma an daina bin ta da yatsu. Zancen mata sun fi yawa dai yana nan, a mota da gidan suna, kuma har yau ban ga wanda ya jera ba kafin ya faɗa.

Gwaggo maza ta haifa, neman abinci ya watsa su garuruwa. Da ta kwanta ciwon ajali mu shida muka raba kwanaki, mu juya ta, mu yi mata wanka. Wata Juma'a muka taru a ɗakinta, autarmu ba ta samu zuwa ba. Ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi, sannan ta ce, "Ina ɗayar? Yau kun yi kaɗan."