Motar da Kindirmo Ya Gwada

Ni ba mai yawan fara'a ba ne, kowa a unguwarmu ta Yara a Keffi ya sani. Mutumin da aka cire daga makaranta yana aji biyu na sakandare don yayansa ya ci gaba, ya ƙare a kan babur yana acaɓa har gwiwarsa ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, ba ka tambayarsa me ya sa fuskarsa a murtuke. Amma ranar da na fara ɗora ido a kan motar nan wagon, wallahi sai da na ji haƙorana a waje.

Ga abin da ya kai ni neman mota. Akwai matan wata ruga a bayan Gitata da ke kawo kindirmo Keffi kullum. Motocin haya suna wulaƙanta su, a matse su kamar kaji, a ɗora buhun doya a kan ƙwaryar mutum. Babbarsu wata dattijuwa ce da kowa ke kira Inna, na sha ɗaukar ta a babur daga tasha zuwa kasuwa. Wata rana tana sauka ta ce, "Kaɗo, da kana da mota da mun huta, kai ma ka huta. Mu cika ta da safe, mu cika ta da yamma."

Maganar nan ta hana ni sakat. Aiki tsayayye, ba bin layi a tasha, ba roƙon fasinja. Na sayar da babur, matata ta sayar da awakinta. Ka ga ke nan idan matan nan ba su ɗauke ni ba, na tashi babu tsuntsu babu tarko, don a tasha ba mai ba sabon shiga layi.

Motar tana wajen wani dillali a hanyar Abuja. Doguwa ce, ruwan toka, 'yar Beljiyam, ta girmi babbar 'yata. Bayanta kuwa ɗaki guda, ka kwantar da kujera ka shimfiɗa tabarma. Dillalin ya buga mata hannu a ka ya ce, "Alhaji, wata tsohuwa ce ke da ita a Turai, kasuwa kawai take zuwa da ita."

Na ce, "Ni ba Alhaji ba ne. Kuma tsohuwar nan taku ta sha mota, duk wadda kuka kawo tata ce."

Yayana, wanda aka yi wa karatun, ya kira daga ofishinsa ya ce kada in biya sai an kai ta wurin gwajin lafiyar mota, inda na'ura ke dubawa. Ba na son shawararsa, don kullum da ƙamshin gori take zuwa. Amma na bi. Dillali ya yi ta ƙunƙuni, na ce ko a gwada ko in tafi.

Ban taɓa ganin irin wurin ba. Aka hau da ita kan wasu ƙarafa masu juyawa, mai gwajin ya taka birki, ta tsaya cak, ni ma numfashina ya tsaya. Aka cusa mata wani bututu a salansa ana shinshinar hayaƙinta. Aka haska fitilunta a cikin wani akwati. Sai aka ɗora ta kan faranti mai girgiza, ta riƙa lilo a hankali kamar kwalekwale a ruwan da ba iska. Ina tsaye bayan layin da aka ce kada a wuce, gumi har cikin takalmi, kamar matata ce ke ɗakin haihuwa. Mutumin ya fito daga ƙarƙashinta yana goge hannu ya ce birki lafiya, hayaƙi lafiya, ƙasanta ba tsatsa, fitilar baya ɗaya ce ta mutu, a canza ƙwai. Ta ci.

Ta ci! Ni da ban taɓa cin wata jarrabawa an faɗa a gaban mutane ba. Na rungume dillalin nan da ba na so. Na tuƙo ta zuwa Keffi gilas a sauke, ina yi wa 'yan acaɓa hon, har wanda muke gaba da shi. Matata ta fito ta zagaya ta, ta shiga gaba ta zauna, ta ƙi fita sai da tuwo ya kusa ƙonewa.

Washegari na kai ta garejin bakanikena don a canza ƙwan fitilar. Mutumin Akwanga ne, mun daɗe tare, ina ce masa Injiniya don tsokana. Ya danna bayan motar da hannu, ta sunkuya ta taso. Ya girgiza kai.

"Oga, wannan mota, bayanshi laushi ne. Ka sa kaya, zai zauna ƙasa. Hanyan Turai daban, namu daban."

"Na'ura ta ce lafiya."

"Na'ura ya taɓa zuwa Gitata?"

Abin da duk mai wagon na haya yake yi a nan, shi ya yi min. Ya yanko robar tsohuwar taya mai kauri ya cusa a tsakanin sifirin na baya, hagu da dama, ya ƙara wa tayoyi iska har suka yi tauri kamar dutse. Bayan motar ya ɗaga, ta tsaya kamar zakara. Na ji daɗin ganinta, ba zan ɓoye ba.

Kwana na wayewa, da sassafe na isa rugar. Damina ce, shanu sun ƙoshi, nono ya yi yawa. Matan suka fito suna guɗa, suna taɓa gilas. Inna ta leƙa ciki ta ce, "A'a, Kaɗo ya zama mutum." Aka jera ƙorai a baya, kowace da faifanta, aka tokare su da gammo. Na tayar, na kunna rediyo. Daga rugar zuwa kwalta hanya ce ta shanu, duk kwari da saiwa, kwaltar ma ba a cewa komai. Ni kuwa ina so su ga mota, na ba ta wuta. Ina jin bayan yana tsalle, na ce ƙarfi ne.

A bakin kasuwa Inna ta ɗaga faifan ƙwaryarta. Ta ɗaga na kusa da ita. Kindirmon da aka kwana ana lallaɓa shi ya yi barci, wanda ake yanka da ludayi kamar tuwo, duk ya tsinke ya zama ruwa. A wata ƙwaryar har mai ya fara tasowa. Mai sayen kindirmo kauri yake saye, in ya tsinke sai a sayar da shi a matsayin tsala, a wulaƙance. Wata matashiya a cikinsu ta fara hawaye.

Inna ta dube ni. "Kaɗo, mota muka ce ka kawo ko gorar burka?"

"Inna, hanya ce."

"Hanyar jiya aka yi ta? Masu ɗora mana doya ma ba su taɓa fitar mana da mai ba."

Na ce an gwada motar nan da na'ura, ta ci. Ta ce to in kai wa na'urar ta sha. Sauran suka kwashe ƙoransu ba wadda ta kalle ni, da yamma kuma suka hau motar tasha. Sai da na bi Inna har rumfar mai fura ina magiya, abin da ban taɓa yi wa yayana ba, kafin ta ce, "Gobe ƙwarya ɗaya, tawa. In ta tsinke ka koma kan babur ɗinka."

"Na sayar."

"To ka koma kan ƙafarka."

A hanyar gida, motar ba kowa, na faɗa wani ɗan rami, na ji bugun har cikin ƙodata. Nan na tuna yadda ta yi lilo a kan farantin gwaji. Waccan kwalekwale ce, wannan jaki. Ban tsaya ko'ina ba sai gareji.

"Injiniya, cire robarka."

"Oga, zai ja ƙasa fa."

"Ta ja. Doya na ce maka zan ɗauka?"

Ya cire yana surutu, wai a duk Keffi ba wanda ya taɓa biyan kuɗin sawa ya dawo ya biya na cirewa. Na ce ban biya na cirewa ba tukuna, kada ya yi saurin murna. Na sa ya rage iskar tayoyin ma.

Da safe Inna ita kaɗai ta shigo. Ta ajiye ƙwaryar a baya, ta cire faifan gaba ɗaya, ta juya ta zauna tana kallonta. Na saka giya ɗaya. Kowane kwari sai na shige shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, motar tana sunkuyawa tana tasowa kamar mai gaisuwa. Zuciyata kuwa gudu take kamar zan ci kyauta. A kwalta direbobin tasha suka riƙa wuce ni suna leƙowa. Wani ya ce, "Baba, gawa ka ɗauko?" Na ce ta ubanka, amma a hankali na faɗa, don kada in girgiza sitiyari. Salansa ta goge ƙasa a wani tudu, na ji kamar fatata ce, ban ƙara wuta ba.

Muka iso kasuwa rana ta ɗan ɗaga. Inna ta ɗauki ludayi ta yanka gefen kindirmon. Ya fito guda, wurin da ta yanka ya tsaya da bakinsa, ko ruwa bai taru ba. Na buga tsalle, ni da gwiwar nan tawa, na yi kabbara har mai rake ya waiwayo.

"Kai, rufa mana asiri," in ji Inna. "Ka makarar da ni, masu sayen safe sun wuce. Gobe ka fito da wuri tunda tafiyar hawainiya za mu riƙa yi. Kuma ka wanke ta, warin fetur yana shiga nono."

Washegari da na isa, har matan rugar tsallaken rafi sun fito bakin hanya da ƙoransu. Inna ta riga ta raba wa kowa wurin zama, ta ɗauki gaba, ta kashe min rediyo. Ni dai ba a tambaye ni ba.