Kunnen Hagun Maharazu

Sana'ar Maharazu ba ta da suna, shi ya sa mutanen ƙauyensu da ke gefen Zango suke ce masa Mai-kunne kawai. Manomi ne kamar kowa, amma da damina ta zauna zabi suka fara ƙwai, babu wanda ake nema kamarsa. Zabuwa dai ba ta san alheri ba. Ka ciyar da ita shekara guda, ranar da za ta saka maka sai ta kutsa tsakiyar gonar wani ta ɓoye gurbinta. Bakinta ne ke tona mata asiri, don ba ta iya yin ƙwai ta yi shiru. Kowa na jin kukan, amma Maharazu ne kaɗai zai tsaya ya rufe ido, ya ɗan karkata kai, ya miƙa hannu ya ce, "Can, bayan gawon nan, bai kai taku hamsin ba." A je a tarar. Da ludayi yake kwashe ƙwan, ba ya sa hannu, kuma sai ya bar mata uku don kada ta yi ƙaura. Da haka har akuyar da ta ɓace a cikin gero shi ake kira.

Shekara biyu bayan ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina, da bazara, hangum ya kama shi. Ciwon yara a kan mai furfura a gemu! Abokan wasansa suka yi ta zuwa dubiya don kawai su ga kumatun su yi dariya. Kumburi ya sace, ya miƙe, amma kunnen hagu bai miƙe tare da shi ba. Ranar da ya fara fita, jaki ya yi kuka, ya ji shi rangaɗaɗau, sai dai ya rasa ta ina. Ya dubi gabas, ashe jakin yana bayansa.

Ya ce wa matarsa Shatu zai je Katsina zumunci, ya wuce asibiti. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya gama gwaje-gwajensa ya zaunar da shi.

"Malam, idan abu ya yi ƙara a damanka, ƙarar kan riga isa kunnen dama kafin na hagu, da tazarar da ko ƙiftawar ido ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyi da ba su da aiki sai auna wanne ya riga. Su suke nuna maka wuri. Yanzu saƙo ɗaya ne ke isa gare su, ba su da abin gwada shi da shi."

"To, maganin fa?"

"Jijiyar ta mutu, Malam. Sai haƙuri."

Ya dawo gida bai gaya wa kowa ba, har Shatu. Ba baƙin ciki ya ji ba, don da baƙin ciki ne da ya fi sauƙi. Ji ya yi kamar an ɗauke wani abu daga ɗaki, ya kasa zama ya kasa fita. Da damina ta zo aka fara sallama a ƙofarsa, ya tashi ya bi su. Ya san zakaran zabo ba ya nisa da gurbin matarsa, sai ya riƙa satar kallo tun daga hanya, in ya hango shi ya rufe ido, ya karkata kai, ya nuna. Yakan dace, yakan kuskure, in ya kuskure a ce iska ce. Damina uku ya yi a haka.

A ta huɗun, dawa ta wuce kan mutum, Zailani maƙwabcinsa ya shigo da gudu da hantsi. Mahaifin Zailanin, Kalilu, tsoho mai taurin kai, ya fita yi wa ragonsa ciyawa tun safe bai dawo ba. Mata masu tsinkar ganyen wake sun ji ana kira daga cikin gonaki, murya ƙasa-ƙasa, sun rasa wajen.

"Baba Maharazu, taso don Allah. Kai kaɗai muke jira."

Mutum ya kai goma sha biyar a bakin gona. Da suka gan shi suka yi tsit, har wani ya kama bakin karensa. Maharazu ya rufe ido. Ya ji kiran, sau biyu, muryar Kalilu ce ba shakka, tana zaune a tsakiyar kansa ba gabas ba yamma. Nan babu zakaran zabo da zai saci kallonsa. Magana ɗaya ce ta rage masa: ku rarrabu, ban san inda yake ba. Ya ji ta a bakinsa. Ya buɗe ido ya ga duk shi suke kallo, sai hannunsa ya tashi ya nuna arewa.

Dukansu suka bi shi, don wa zai tsaya duba wani wajen bayan Mai-kunne ya nuna? Suka ratsa dawa suna kira, ganye na yankar fuska, ƙarar tafiyarsu ta danne komai. Da suka tsaya saurare babu kira kuma. Sai bayan azahar wani Bafulatani mai wucewa da shanu ya tsinci tsohon a kudu, kusa da hanya, maciji ya sare shi a ƙafa, laujensa a hannu. Aka samo mota aka nufi Daura da shi. Ya cika kafin su shiga gari.

Babu wanda ya ce wa Maharazu komai. Wasu ma cewa suka yi sautin cikin dawa yaudara gare shi, kuma kwana ne ya ƙare. Ya yi sallar gawa a sahun gaba, ya zuba ƙasa, ya koma gida ya ci tuwonsa bai san ɗanɗanonsa ba.

Ranar uku ya je zaman makoki, ya zauna a gefen tabarma. A damansa malamai suna ta addu'a da ƙarfi. Zailani ya taso daga cikin 'yan'uwansa, ya zo ya durƙusa a hagunsa, ya matso da baki kusa da kunnen, ya yi magana a hankali, doguwar magana. Maharazu yana jin ɗumin numfashinsa a wuya. Ko godiya ce, ko tambaya ce, ko kuwa yaron ya gane, bai sani ba. Juyar da kai kawai zai yi ya ji, amma bai juya ba.

Da numfashin ya tsaya, ya ce, "Amin."

Zailani ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tashi ya koma wurinsa.