Giyar Laraba Ba Ta Son Murfi

Duk wanda ya ci kasuwar Zango a shekarun baya ya san Laraba, ko da bai taɓa kai ƙwaryarta baki ba. Bamaguza ce, gajera, ga baki, daga wata 'yar unguwa a bayan gari. Burkutu take dafawa, sana'ar da ta tashi ta tarar uwarta na yi. Tun ba ta kai tsayin tukunya ba ta iya jiƙa dawa har ta tsiro, a niƙa, a dafa, a bari ya yi tsami, a sake dafawa. In ya huce a zuba masa ragowar tsohuwar giya, a bar bakin tukunya a buɗe. Daga nan sai aikin kunne. Laraba za ta kara kunnenta a jikin tukunya ta ji yadda take tsuwa, ta ce, "Gobe da hantsi." Goben kuwa ta nuna, kumfa na tashi, a shanye a ranar. In ta wuce ranarta ta zama ruwan tsami, ko jaki ba zai kalle ta ba.

Sai shari'a ta zo. Wata safiya samari suka shigo da sanduna suka farfasa tukwanen tsakar gida. Mijinta dama ya daɗe da mutuwa. Maƙwabta wasu suka kwashe kaya suka yi kudu, wasu suka musulunta. Ɗanta tilo, Sada, shi ma ya musulunta, ya koma Daura yana ɗinki, har wani malami ya ba shi 'yarsa Haulatu. Bai yar da uwarsa ba, yaron kirki ne. Magana ɗaya tak ya yi mata: "Inna, ran da na sake jin warin giya a gidan nan, ƙafata ba za ta ƙara tako shi ba." Ta ce ta ji.

Kuma wallahi ta gwada. Ta yi ƙuli-ƙuli, ta yi daddawa, ta ɗauka a ka ta kai kasuwa. Wa zai saya? Sai mutum ya leƙa faranti ya ce, "Hannun mai giya," ya wuce abinsa. Aiken ɗan kuwa, ai kun san ɗinki, yau akwai gobe babu. Damina ta yi gardama, rumbu ya zama fanko, Laraba ta koma kwana da ruwan kanwa a ciki.

A haka Kalilu ɗan acaɓa ya same ta da buhun dawa da jarkoki. Ya ce masu sha na nan birjik a hayin Kongolam, ƙetaren iyaka, can ba mai hana su. "Baba, ki dafa ki ɗura, ki ɗaure murfi tam. Wari ba zai fita ba. Tsallakawa tawa ce."

To, Laraba tun da take ba ta taɓa rufe giya ba. Ta zauna ta yi tunani irin nata: in ta jira ta nuna, kafin a kai ta yi tsami. Gara ta ɗura ta tun tana tasowa, ta ƙarasa nuna a hanya. Ta cika jarkoki har wuya, ta murɗe murafe da iyakar ƙarfinta, ta jera su a cikin rumbu. Kalilu ya ce zai zo ɗauka da sassafe. Hantsi ya yi, rana ta take, bazara ce kuwa, ba Kalilu ba labarinsa.

Sallamar da ta ji ta Sada ce. Ga Haulatu a bayansa da goyo, sun yi arba'in, sun kawo wa kaka jaririya Khairat ta gani. Kai, Laraba har rawa ta taka! Ta rasa inda za ta ajiye su, suka shimfiɗa tabarma da kansu a inuwar rumbu. Nan kunnen nan nata ya jiyo abin da su ba su ji ba: jarkoki na nishi. Ta ce su koma ɗaki, Sada ya ce haba Inna, a wannan zafin? Haulatu ta fara kwance majanyi, ƙafar yarinyar ta leƙo.

Fau! Murfi ya daki rufin rumbu. Wani murfin ya bi. Kumfa ta biyo ƙasan rumbu tana tsiyaya har bakin tabarma, wari ya cika gida, irin wanda ba a musun sa. Haulatu ta mai da majanyi ta ɗaure. Sada bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dubi uwarsa, ya ce, "Haulatu, tashi."

Laraba ta bi su har ƙofa. Ɗan fari ne, bakinta bai taɓa kama sunansa ba, kuma ko a ranar kunya ba ta bar ta ba. Sai "Kai! Kai wannan!" take yi a bayansa. Bai waiwayo ba.

Daga ranar ba ta sake ɗora tukunyar giya ba, ta kuma aika a gaya masa, ba sau ɗaya ba. Hatsi yana zuwa a motar kasuwa, shi dai ba ya zuwa. In ta tambayi direba da wa yarinyar ta yi kama, sai ya ce bai lura ba. An ce Khairat har ta shiga makaranta. Laraba tafin ƙafarta kaɗai ta taɓa gani.