Gudummawar Fosuaa a Jana'izar Opanyin

Adwoa Fosuaa ta daɗe a ƙarƙashin lemar nan ta bakin tashar Bantama, har rana ta cinye launin lemar. Kafin nan ta yi tallar ruwan leda, ta yi wanke-wanke a wurin mai sakwara, ta kuma auri wani direba da ya tafi kai kaya Takoradi, har yau yana hanya. Abin da ya rage mata 'ya ɗaya, tebur ɗaya da waya biyu. Ka ba ta kuɗi a hannu ta zuba maka a waya, ko ta cire daga waya ta ba ka a hannu, ta ɗauki ladanta. Ba ta da fara'a, amma ba ta da surutu, kuma a wannan sana'a rashin surutu ya fi fara'a kawo ciniki.

Ran Asabar samari 'yan cacar ƙwallo ke yanyame ta.

"Sista Adwoa, zuba min sidi goma, yau sai na sayi mota!"

"Ta makon jiya ina ka ajiye ta?"

Opanyin Amankwaa shi ba ya zuwa Asabar. Dattijon coci ne, wanda in ya tashi yin faɗa a kan caca har jijiyar wuyansa ke fitowa. Talata da hantsi yake zuwa, lokacin da tasha ta yi shiru. Idonsa ya yi rauni, matarsa Maame Boatemaa ke karanta masa duk saƙon da ya shigo wayarsa, don haka da layin Fosuaa na biyu aka buɗe masa asusun cacar. Dokar masu cacar kuwa ɗaya ce: layin da kuɗi ya shiga ta kansa, ta nan yake fita.

Wata Talata ya miƙo hamsin. "'Yata, a sa wa yaran nan, su za su ɗauki kofin bana."

"Opanyin, waɗannan ko ragar ba su san inda take ba."

"Sarki Dauda ma da majajjawa ya je yaƙi. Ke dai bakinki."

"A ɗinke yake."

Da damina ya mutu. Aka kai shi firjin ajiye gawa kamar yadda aka saba, dangi suka shiga fentin gida da jiran ɗansa da ke Turai. Yana kwance cikin sanyi watanni, yaran nan da ba su san raga ba suka ɗauki kofi. Saƙo ya shigo wayar Fosuaa: sidi dubu bakwai.

Ba wanda ya sani, kuma ba za a yi mata ƙarya ba, ta yi tunanin rufin ɗakinta da ke yoyo. Sai dai kuɗin ba nata ba ne, ita kuwa da amana take ci. Matsalar ita ce yadda za ta mayar. In ta tura wa matarsa ta waya, sunanta zai fito. In ta faɗi gaskiya, ta tona asirin mamaci kwana kaɗan kafin a karanta tarihinsa a coci. Ƙofa ɗaya ta gani, teburin gudummawa na ranar jana'iza, inda kowa ke ajiye abin da ya samu. A wannan tebur kuwa ba a bayarwa a ɓoye, sai an faɗi sunanka da abin da ka kawo a lasifika.

Ta ɗaura baƙin zane da jan kallabi ta je. Mai sanarwa yana ta kwararo hamsin-hamsin da ɗari-ɗari, har ya zo kanta.

"Adwoa Fosuaa, mai lema ta bakin tasha, sidi..." Ya tsaya, ya sake duba takarda. "Sidi dubu bakwai!"

'Yan makoki duk suka waigo suna kallonta. Ko ɗan da ya zo daga Turai bai kawo haka ba. Can wata daga cikin matan coci ta ce, yadda za a ji, "Ashe zuwan Talata ba na tura kuɗi ba ne kawai."

Fosuaa ta ji kunya har cikin ƙashinta. Daga makon nan matan coci suka koma tsallaka titi zuwa wata lemar.

Kwana arba'in bayan jana'iza Maame Boatemaa ta zo, ta tsaya a gaban tebur cikin baƙaƙen kaya, ta rame.

"Ke, me ke tsakaninki da mijina?"

"Mutumin kirki ne, Maame."

"Ba shi na tambaye ki ba. Ba na barci. Da ce min aka yi ɓarawo ne, ko ɗan caca, da na iya ɗauka."

Fosuaa ta dubi matar, ta ga alkawarin da ta yi wa matacce yana cin mai rai.

"To ɗan caca ne, Maame. Kuɗinsa ne. Da layina yake yi don kada ki gani."

Matar ta zauna a benci a hankali. Sai dariya ta ƙwace mata haɗe da hawaye. "Tsohon banza! Shi ya sa yake kulle ɗaki da rediyo ya ce addu'a yake." Ta kama hannun Fosuaa ta riƙe sosai. "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ta share ido, ta waiga hagu da dama, ta rage murya. "Amma kada coci su ji."

Coci ba su ji ba. Hoton Opanyin yana nan rataye a bangonsu cikin dattawan da suka yi aikin Allah. Fosuaa tana nan a ƙarƙashin lemarta, ɗakinta yana yoyo, matan coci kuma har yau suna tsallaka titi. Maame Boatemaa ma tare da su take tsallakawa, don kada a ce wani abu.